Ɗakin Baya a Gidan Onarabul

A rediyo Baba Tela ya ji cewa ɗansa ya sauya jam'iyya. Ina durƙushe a gabansa ina kwance bandejin ƙafarsa aka fara labaran ƙarfe bakwai na safe. Mai karantawa ya ce ɗan majalisar dokokin jiha mai wakiltar mazaɓarmu ya fice daga jam'iyyar adawa ya koma ta gwamna. Sai na ji ƙafar ta ƙame a hannuna.

"Sista, ƙara min muryar nan."

Na ƙara. Aka sako muryar Onarabul da kansa, yana cewa bai ɗauki wannan mataki ba sai da ya shawarci mahaifinsa da dattawan mazaɓa.

Baba ya ce, "Kin ji ko? Ya shawarce ni. Ina ga barci nake yi a lokacin."

Ni ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin gwamnati. Shekara biyu ke nan ina zuwa gidan sau biyu a rana, da safe kafin in wuce aiki, da yamma kuma in na tashi, in yi wa Baba allurar ciwon sukari in wanke masa ƙafa. Ciwon ya riga ya ci ta hagu, an yanke ta daga gwiwa. Ta dama kuma akwai gyambo a diddige da muke ta fama da shi. Amma kai da baki, lafiyarsu ƙalau. Ɗakinsa a gaban gida yake, ƙofa na kallon get, taga na kallon titi, duk mai shiga wajen Onarabul sai ya tsaya ya gaishe shi. Shi ya ɗinka wa tsohuwar jam'iyya tutarta ta farko a unguwar, kuma kowa ya san ba don fuskar tsohon nan ba, da ɗansa bai ga ƙofar majalisa ba.

Ban gama naɗe bandejin ba Onarabul ya leƙo, yana ta ƙamshin turare.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Auta, zauna."

"Sauri nake, Baba. Gwamna na jiranmu ƙarfe tara."

"To tsaya a tsaye. Yaushe ka shawarce ni?"

Onarabul ya dube ni, na sunkuyar da kai na ci gaba da aikina. Ya ce, "Baba, siyasar yanzu ba irin taku ba ce. Shekara shida ina majalisa ina ɗaga hannu, ba wanda ya ko kalle ni. Titin kasuwa na nan yadda kuka bar shi. In ba ka cikin gwamnati, ko famfo ɗaya ba za ka kawo wa mutanenka ba."

"Ban ce ƙarya kake ba. Tambayarka na yi. Gida-gida na bi da sanda ina cewa ɗana ne, ni na tsaya masa. Yanzu me zan ce musu?"

"Ba sai ka ce komai ba, Baba. Kai dai ka huta."

Baba yana da abokai biyu da ba sa fashi. Kullum bayan la'asar za ka same su a kan bencin ƙofar ɗakinsa. Akwai Hedimasta, dogo siriri, wanda ke zuwa da jarida ya karanta musu da ƙarfi. Akwai kuma Mai Agogo, gajere mai baki, wanda ba a taɓa karanta layi ɗaya ya yarda da shi ba. Shi yana kiran Baba gurgun tela, Baba yana kiransa ɓarawon batir. A ranar ma sun zo.

Mai Agogo ya ce, "To, gurgu, ashe ɗinkin naka bai riƙe ba."

"Kai agogon wa ka taɓa gyarawa ya yi sati yana tafiya?"

Suka yi dariya, amma ta Baba ba ta kai ciki ba. Hedimasta ya naɗe jaridarsa ya ce, "Mu dai wajenka muke zuwa, ba wajen ɗanka ba. Ya shiga duk inda ya ga dama."

Sati biyu aka yi a haka. Gidan ya cika da sababbin fuskoki da manyan motoci. Wata yamma shugaban jam'iyyar gwamna na yankin ya shigo gaishe da Baba, da jama'a a bayansa. Ya rusuna ya ce, "Baba, yanzu mun zama ɗaya."

Baba ya ƙura masa ido. "Ba kai ne ka sa aka ƙona min shago a wancan zaɓen ba? Ka yi ƙiba, shi ya sa ban gane ka da wuri ba."

Mai Agogo ya tuntsire da dariya har yana tari. Wasu daga cikin baƙin ma sun dara. Onarabul bai dara ba. A cikin satin kuma wata magana da aka yi a taron sirri a falonsa ta fita a rediyo, ya ce ba wasu ba ne, tsofaffin nan ne masu zaman benci.

Ranar Litinin na zo da safe na tarar da ɗakin Baba a buɗe, ana shigar da kujerun baƙi. Hajiya, matar Onarabul, ta tare ni a tsakar gida.

"Sista, mun mai da Baba ɗakin baya. Likita ne ya ce hayaniya na tayar masa da hawan jini."

Katin likitan Baba a jakata yake zama, kuma ni nake raka shi asibiti. Ba likitan da ya faɗi haka. Na ce, "To, Hajiya."

Kafin ka kai ɗakin sai ka wuce kicin, ka wuce igiyar shanya, ka zagaya tankin ruwa. Gefensa ɗakin janareta ne. An yi masa sabon fenti, an sa na'urar sanyaya ɗaki da ƙatuwar talabijin da gado mai laushi. Tagar ɗaya ce, tana kallon katanga. A ƙofar akwai matakala uku. Kekensa na guragu an naɗe shi an jingine a bayan ƙofa.

Baba ya ce, "Kin ga fadata, Sista? Har da sanyi. Saura a sa min lamba a yatsa a tura ni cikin durowar ajiye gawa."

Da yamma ina shigowa na tarar da Hedimasta da Mai Agogo a bakin get, maigadi ya tare hanya da jikinsa, kansa a ƙasa.

"Wallahi ni umarni aka ba ni. An ce Baba yana hutawa."

Mai Agogo ya ce, "Hutawa? Wane aiki ya yi? Mutumin da ko ƙafar tafiya ba shi da ita?"

Hedimasta ya juyo gare ni. "Sista, ki ce masa mun zo." Ya miƙo min jaridar. Maigadi ya karɓe ta kafin hannuna ya kai, ya ce an hana shiga da komai.

Bayan kwana uku aka karɓi wayar Baba, wai za a kai gyara. Ba ta dawo ba.

Ba zan ce an bar shi da yunwa ba. Abinci sau uku a rana, a kan lokaci, irin wanda likita ya yarda da shi. Mai aikin gidan za ta ajiye tiren ta fita, don an ce mata kada ta tsaya surutu. Ana wanke masa kaya a goge. Amma daga lokacin da na fita ƙarfe bakwai da rabi har in dawo ƙarfe biyar, ba mai ce masa uffan. Jikokinsa suna makarantar kwana. Ya roƙi a ba shi allura da zare ya riƙa rage lokaci, Hajiya ta ce mai ciwon sukari ba ya wasa da allura. Talabijin kuwa bai taɓa kunnawa ba, idonsa ba ya jure haskenta.

Aikina a gidan minti ashirin ne. Sai Baba ya fara ja min shi.

"Sista, bandejin nan kamar bai zauna ba. Sake."

In sake. Ya tambaye ni wa na gani a hanya, an zuba kwalta a titin kasuwa ko kuwa, mai shagon kan kwana ya aurar da 'yarsa? In na ɗauki jaka sai ya ce, "Kin auna jinin kuwa?" Alhali a gabansa na auna. Da farko nakan zauna. Daga baya sai na fara makara a wurin aiki, na koyi yadda zan amsa masa ina tafiya ina jan ƙofa.

Wata ɗaya da komawarsa ɗakin ya kama bakin mayafina.

"Don Allah ara min wayarki. Minti biyu."

Lambar Hedimasta a kansa take. Na danna masa, na tsaya a bakin ƙofa ina leƙe. Na ji yana cewa, "Ni ne. Ina nan da raina. A'a, ba ni na ce a hana ku ba, haba! Ba ni ɓarawon nan." Sai ga shi yana dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, har hawaye na zubo masa. Dariyar ce ta tona mu. Mai aiki ta ji, ta faɗa wa Hajiya.

Washegari aka ce Onarabul na kirana a falo. A lokacin an riga an ba shi shugabancin kwamitin lafiya na majalisa. Ya ba ni wurin zama, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya.

"Sista, kin san ina ganin mutuncinki. Amma allura aka kawo ki yi. Mutanen nan amfani suke so su yi da Baba su ɓata ni. Tsoho ne, bai san abin da ake ƙullawa ba. Kare shi nake yi."

"Ranka ya daɗe, kaɗaici na damunsa. Ciwon ma ba ya son haka."

"Na sani. Ni ma ba daɗi nake ji ba. Mahaifina ne fa. A bari a wuce zaɓen fid da gwani, komai zai koma yadda yake." Ya juya wayarsa a hannu. "Jiya ma ake gaya min ana neman ƙwararrun ma'aikatan jinya a asibitocin ƙauye. Na ce su bar min ke, ina da buƙatarki a nan."

Na gane. Yarana huɗu, ubansu ya rasu, makarantarsu a cikin gari take. Na gaya wa kaina cewa in aka ɗauke ni, wa zai kula da diddigen Baba kamar ni? Da wannan na rufe bakina. Ranar da Baba ya sake neman wayar na ce ba caji. Rana ta biyu na ce na manta ta a gida. Bai sake tambaya ba.

Yana da 'ya mace, yayar Onarabul, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta zo a wata na uku, ta same ni ina wanke gyambon. Ta yaba ɗakin, ta ce ai ko otal sai haka.

"Uwata, ki tafi da ni gidanki."

"Baba, gidana bene ne, wa zai riƙa hawa da kai? Ga rashin wuta, maganinka kuma sai a firiji."

"Ki sa ni a zaure. Tabarma ta ishe ni. Mutane kawai nake so in gani suna wucewa."

"Haba Baba, me duniya za ta ce? Ɗanka na majalisa kana kwance a zaure? Ka yi haƙuri, bayan zaɓe ni da kaina zan yi masa magana."

Ta biyo ni waje tana share ido da gefen mayafi. "Sista, kin ga Baba da rigima. Maigidana bai fi wata biyu da samun aiki a ofishin gwamna ba, ta hannun Auta. In na ɗauke Baba yanzu ai na ce ƙanina ya gaza ke nan." Ta shiga mota. Sai da aka yi wata huɗu kafin ta sake zuwa.

Sau ɗaya aka fito da shi daga ɗakin a duk tsawon lokacin. Wata Asabar na zo na tarar an yi masa aski, an sa masa sabuwar babbar riga, fuskarsa a sake.

"Sista, yau fita zan yi. Auta ya ce mutane na so su gan ni."

Maza biyu suka sauko da shi matakalar, aka tura shi falo, ina biye. Ba kowa a falon sai Onarabul da mai ɗaukar hoto. Baba yana ta waige yana neman mutanen. Kafin ya ankara an yafa masa gyale mai launin jam'iyyar gwamna a kafaɗa, Onarabul ya durƙusa a gabansa, ya kama hannun uban ya ɗora a kan kansa. Haske ya walƙa sau uku. Baba ya fizge hannunsa, ya cire gyalen ya yar.

"Auta, ni za ka yi wa haka?"

"Hoton tarihi ne kawai, Baba, na iyali."

Duka-duka minti goma. Suka mai da shi.

Kafin sati ya zagayo hoton ya cika gari, a jikin katangu da turakun wuta da bayan motocin haya. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: UBA YA SA ALBARKA.

Ina wucewa ta kasuwa Mai Agogo ya ƙwala min kira daga rumfarsa. An liƙa hoton a jikin shagon da ke fuskantarsa, duk ɗaga kan da zai yi sai ya gan shi.

"Sista, ki ce wa abokin naki mun gani. Allah ya sanya alheri."

Na duba hagu da dama, na matsa kusa na gaya masa yadda aka yi. Na gaya masa matakala uku, da tagar da ke kallon katanga. Ya cire gilashin gyaran agogon daga idonsa ya ajiye.

"Ni kuwa kwana shida ina tsine masa," in ji shi.

Washegari ya rufe rumfa ya zo ya zauna a kan dutse a gefen get. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya ce wa maigadi shi ba shiga zai yi ba, zama kawai yake a titin gwamnati. Kwana uku yana zuwa, daga la'asar zuwa faɗuwar rana. A rana ta huɗu aka turo 'yan sanda biyu suka ce masa zaman nasa barazana ne ga tsaron ɗan majalisa. Duk wannan ban gaya wa Baba ba. Na ce a raina zai ƙara masa damuwa ne kawai.

Bayan wata biyu Mai Agogo ya faɗi a rumfarsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Hajiya ta kira ni gefe ta ce Onarabul ya ce kada wanda ya gaya wa Baba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Onarabul ya je gaisuwa da tawagarsa, an nuna shi a talabijin.

Baba ya saba tambayata, "Kina ganin mutanena kuwa?" Sai in ce ina ganinsu. Bayan rasuwar na ci gaba da cewa haka. Wata safiya, don in faranta masa, na ƙara da cewa, "Jiya ma na ga Mai Agogo, yana gaishe ka da kyau. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ya ce Allah ya ƙara sauƙi?"

"Haka ya ce."

"Sista, shekara hamsin muna tare, mutumin nan bai taɓa aiko min da gaisuwa ba. Zagi yake aikowa." Bai ɗauke idonsa daga kaina ba. "Yaushe ya rasu?"

Na ce, "Yau kwana ashirin da uku."

"Ashirin da uku." Ya gyaɗa kai. Ya yi masa addu'a a hankali, ya shafa. Sannan ya ce, "Gama aikinki, kada ki makara."

Daga ranar bai sake cewa in sake bandeji ba. Ba ya tambayar titin kasuwa. In na gaishe shi ya amsa, in na yi shiru ya yi shiru. Tiren abinci yana fita kusan yadda ya shigo. Gyambon da muka kusa rufewa ya buɗe, ya fara wari. Na gaya wa Hajiya, ta ce tsufa ne. Na tare Onarabul a bakin mota na ce, "Ranka ya daɗe, Baba ba magani yake buƙata ba yanzu, mutane yake buƙata. Ko Hedimasta kaɗai a bari ya shigo."

Ya dafa ƙofar motar, ya yi ajiyar zuciya. Ya rame shi ma a lokacin, idonsa ya faɗa. "Saura sati biyar, Sista. Sati biyar kacal. In na samu tikitin nan, har ƙasar waje zan kai shi." A ranar aka kawo wa Baba sabuwar katifa ta masu jinya.

Ana saura sati biyu na zo da safe na same shi a ƙasa, tsakanin gado da ƙofa, bakinsa ya karkace. Ya jawo kekensa daga bayan ƙofa, ya buɗe shi rabi. Ban san tun yaushe yake kwance a wurin ba. Janareta na aiki, ko ya yi kira ba mai ji. A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya rayu, amma magana ta tafi.

Aka yi zaɓen fid da gwani, gwamna ya ba wani tikitin, ɗan shugaban jam'iyyar nan da ya taɓa zuwa gaishe da Baba. Kwana tara bayan haka Onarabul ya kira 'yan jarida ya ce ya koma gida, jam'iyyar da mahaifinsa ya gina da guminsa. Ya ce dama zuciyarsa ba ta taɓa barinta ba.

Da aka sallamo Baba, ɗakin gaba aka kai shi. Aka buɗe get. Aka aika mota ta ɗauko Hedimasta. Wata goma sha huɗu ke nan rabon su da juna.

Hedimasta ya shigo yana dogara sanda, ya tarar da ɗakin cike da 'yan jam'iyya da masu ɗaukar hoto. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Auta, fitar min da mutanen nan."

"Baba Hedimasta, so suke kawai su..."

"Na koyar da kai karatu, na san kana jin magana in ka ga dama. Fitar da su, kai ma ka bi su."

Suka fita. Ni na zauna a kusurwa don ina riƙe da ruwan da ake ƙara masa. Hedimasta ya ja kujera, ya kama hannun Baba mai motsi.

"Tela, ni ne. Na zo."

Baba ya juyo da ido ya kalle shi. Ya gane shi, wannan ba na shakka. Leɓensa ya yi ta rawa, maƙogwaronsa na motsi, yana ta ƙoƙari har gumi ya keto masa. Abin da ya fito wani sauti ne kawai, kamar na mai shaƙewa. Ya sake gwadawa. Sai ya rufe ido, hawaye ya gangara ya shiga kunnensa.

Hedimasta ya ce, "Bari, bari. Na ji. Ba sai ka faɗa ba."

Ya ci gaba da zuwa kullum har kwana goma sha bakwai. A na sha takwas Baba ya cika, da hantsi, ina wurin aiki.

Ba a taɓa ganin taro irin na jana'izarsa a unguwar ba. Jam'iyyun biyu duk sun zo. Masu jawabi suka yi ta yaba Onarabul, ɗa nagari wanda ya riƙe mahaifinsa a gidansa har ƙarshe, bai bar shi ya nemi komai ya rasa ba. Uwata ta yi kuka har ta suma. Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Sista, ke shaida ce, mun yi iya ƙoƙarinmu." Tsohuwar jam'iyyar ta ba Onarabul tikiti, ya ci zaɓensa da tazara mai yawa, mutane suna cewa don marigayi suka yi. Yanzu zangonsa na uku yake yi.

Na sha jin ana cewa wane ya wulaƙanta iyayensa, ana nufin ya bar su da yunwa ko tsumma. Baba Tela bai kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Ba wanda ya ɗaga masa murya. In ka kai ƙara, ban san me za ka ce an yi masa ba. Kuma duk wanda ya sa hannu yana da dalilinsa mai kyau: ɗan yana kare shi, surukar tana bin likita, 'yar tana tsare aurenta, maigadi umarni aka ba shi. Ni ma ina da nawa, na yi ta maimaita shi wata goma sha huɗu, safe da yamma.

Ranar da aka share makoki, ina fita daga gidan na ga Hedimasta tsaye shi kaɗai a bakin titi yana jiran abin hawa. Na gaishe shi. Ya amsa, ya juyo gare ni.

"Sista, ke kaɗai kike shiga wurinsa. Yana tambayarmu kuwa?"

"Kullum, Baba. Ba ranar da ba ya tambaya."

"Gidana bai fi tafiyar minti goma daga asibitinku ba." Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar mai lissafin hanya. "Ke kuma me kike ce masa?"

Motar haya ta tsaya. Bai shiga ba, ya tsaya yana jiran amsata. Direban ya yi ham sau biyu, ya gaji ya ja motarsa. Muka ci gaba da tsayuwa a bakin titin, ni da shi.